Filin Tarbiyya: Kwafe Daban, Rubutu Daban

A makon jiya na ce wa wata ɗalibata a Islamiyyarmu ta Ƙofar Kabuga, ’yar aji 5 a firamare, ta rubuta mini abin da ta karya da shi. Wallahi kasa haɗa layi biyu ta yi, alhali littattafanta cike suke da rubutu tsaf. Ashe duk kwafe ne daga allo.

Ban ga laifin malaminsu sosai ba, aji ya cika maƙil. Amma tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ya kamata a dawo da shifta da insha’i. A makarantar allo malam yakan duba allon kowane yaro. Firamare ta ari wannan, ko layi uku ne yaro ya ƙago da kansa, da Hausa tukuna, a gyara masa ƙ da ɗ da ɓ.

Ke kuma, ranar taron iyaye da malamai ki tayar da maganar. Kafin nan, gobe ki miƙa wa ’yarki biro ta rubuta kayan cefane. In ta yi kuskure, don Allah ban da dariya.