Kafin Ka Ɗaura Wa Motarka Amalanke, Yi Lissafi

Ran Laraba da ta wuce, da la'asar, ina komowa daga aiki sai na tarad da wani dattijo, abokin mahaifina, a wajen wani mai walda nan Ƙofar Taramniya. Ya sa an ƙera masa amalanken ƙarfe mai taya biyu, irin wanda waɗansu ke kira ƙaramar tirela, zai riƙa ɗaura wa a-kori-kurarsa, ƙirar Toyota Hilux, don kai taki da injin ban ruwa fadamarsa ta wajen Kware, in albasa ta nuna kuma ya kwaso ta. Muka gaisa. Na ce, "Baba Alhaji, buhu nawa ka ke nufin ɗora wa wannan?" Ya ce, "Malamin gona, ai wanda ya sayar mini da motar ya ce tana jan tan uku. Buhun taki sittin ke nan." Na ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni alli da ɗan lokaci kaɗan."

Lissafin da muka yi a ƙasa ran nan shi na ke so in maimaita muku, gama na ga irin wannan amalanke yana yawaita a hannun manoman rani da 'yan kasuwa, kuma ban ga mai auna shi ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, kowace mota tana iya motsa abin da ya fi ƙarfinta. Ka sa giya ta ɗaya, ka taka mai, za ta tashi, har mutane su yi tafi. Ko yara huɗu suna iya tura lodin da ke kan taya a shimfiɗaɗɗen wuri. Tsai da shi ne magana. Birnin Sakkwato kuwa a kan tudu ya ke, fadamu suna ƙasa, duk mai zuwa bakin gulbi da kaya sai ya gangara. A gangare amalanke ba binka ya ke yi ba, turo ka ya ke yi, kuma birkin da aka yi don tsai da mota ɗaya shi za a ce ya tsai da biyu. Har wa yau, in ka ninka gudu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Wannan ba ra'ayina ba ne, haka Allah ya yi abin.

To, ina za a sami gaskiyar ƙarfin mota? Ba a bakin dillali ba. Masu ƙera ta sun rubuta a jikinta. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, ko ka ɗaga bonet, za ka ga ɗan allon ƙarfe ko takarda manne. In motar ta Turai ce, irin 'yan Beljiyam da a ke shigowa da su ta Kwatano, yawanci za ka ga lambobi huɗu jere, ɗaya bisa ɗaya, duk a kilo. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Ta biyu iyakar nauyin mota da amalanke a haɗe. Ta uku abin da tayoyin gaba za su ɗauka, ta huɗu na tayoyin baya. In ta Amurka ce, za ka ga haruffa GVWR, watau lamba ta farkon nan ke nan, amma ta haɗin mota da amalanke sai ka neme ta cikin littafin motar. A littafin ne kuma za ka ga nauyin motar in ba kome cikinta, da nauyin da aka yarda ta ja.

Bari in daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi, kowa ya sa na motarsa a gurbinsu. A ce mota ba kome cikinta kilo 2,000 ce. Iyakarta da kaya 3,000. Iyakarta da amalanke 5,500. Littafi ya ce tana jan 3,000, watau tan ukun da aka gaya wa Alhaji.

Na ce masa, "Wa da wa za su shiga?" Ya ce shi da direba da leburori uku. Mutum biyar, a ƙaddara kowa kilo 70, ya zama 350. A bodi kuwa ya ce ba za a bar shi fanko ba, za a jefa buhun taki 10. Buhun takin zamani kilo 50 ne, 500 ke nan. Injin ban ruwa da mesa da jarkar mai, a ce 50. Jimla 900. Mota ta zama 2,900 tun ba a ɗaura mata kome ba.

Yanzu ɗebe 2,900 daga 5,500. Saura 2,600. Kun ga tan uku ya fara raguwa. Tan ukun nan da a ke faɗa, na motar da ba ta ɗauke da kowa ne sai direba da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk abin da ka ƙara a bodi, daga rabon amalanke ka ke cirewa. Sa'an nan shi kansa amalanken yana da nauyi, ai ba da kara aka yi shi ba. Mai walda ya ƙiyasta nasa zai kai 500. Saura 2,100, watau buhu 42, ba 60 ba.

Alhaji ya ce, "To, 42 ma ba laifi." Na ce a dakata, da sauran magana.

Duk wanda ya taɓa aiki da amalanken shanu ya san wannan. In ka tara kaya a gaba, karkiya ta danne wuyan shanu har su kasa ɗaga kai. In ka tara a baya, sandar ta ɗaga sama, karkiya ta shaƙe su, amalanke ya riƙa rawa. Haka na mota ya ke. Dole wani kashi na nauyin amalanke ya zauna a kan maɗaurin da ke bayan mota, kuma abin da a ke so misalin ɗaya bisa goma ne. In ya gaza haka ƙwarai, da an ɗan yi gudu sai amalanke ya fara wutsiya, hagu da dama, yana jan bayan mota, har ya kai inda sitiyari ba ya da amfani. In ya zarce, bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke juya mota su rasa kamun ƙasa, da dare kuma fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa. Saboda haka a kan sa abin da ya ɗan fi rabin kaya gaba da tayoyin amalanke, mafi nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau.

Ɗaya bisa goma na 2,600 shi ne 260. Wannan 260 a wuyan mota ya ke, sai a haɗa shi da 2,900 ɗin nan. Ya zama 3,160, alhali iyakarta 3,000. An zarce da 160. Sai an sauke buhu huɗu daga bodi, ko a rage mutane. Wannan wurin ne kusan kowa ke mantawa, kuma shi ke karya sifirin ɗin baya.

Sa'an nan na durƙusa na leƙa ƙarƙashin amalanken. Ƙafar tsohuwar mota ce aka yanko aka liƙa, ba birki ko ɗaya a jikinta. Na ce, "Baba, duk lissafin da muka yi na amalanke mai birkin kansa ne." Wanda ba shi da birki, littafin Hilux da na yawancin motoci irinta kilo 750 kaɗai suka yarda a ja, har da nauyin amalanken. A Ingila ma doka ce, ba a wuce 750, kuma ba a wuce rabin nauyin motar da ke ja. To, ɗebe 500 daga 750. Saura 250. Buhu biyar.

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce, "Yaro, buhu biyar ai kura ma ta ɗauka, ba sai na sayi mota ba!" Gaskiyarsa. Amma lambar ba ni na yi ta ba.

Na san abin da masu karatu za su ce, gama an sha faɗa mini. Za su ce, Malam, mun shekara muna lodin da ya fi haka, ba abin da ya faru. Za su ce tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, sawu biyu asara ce, wa zai ƙona mai sau biyu don kayan da sawu ɗaya zai kai? Ban raina wannan magana ba. Mai ya yi tsada, ribar albasa kuwa ba kullum ba ce. Amma ku sa sauran kuɗin a sikeli. Kulocin da ya kamata ya yi shekaru ya ƙone cikin kaka ɗaya. Sifirin ya karye a hanyar Wurno, mota ta kwana biyu a daji, albasa tana shan rana cikin buhu. In kuwa amalanke ya kife, albasar da ta bugu ba ta ajiyuwa, sai a sayar da ita a wulakance ko ta ruɓe. Wannan duk dukiya ce, a kan mai da ta. Leburorin da ke zaune bisa buhuna fa? Garin neman ƙiba a kan samo rama.

Waɗansu kuma su kan je wurin bakanike a ƙara wa sifirin ganye biyu ko uku, su ce yanzu mota ta zama ta tan biyu. Ƙarin sifirin yana hana bodi durƙusawa, shi ke nan aikinsa. Birki na nan yadda ya ke, taya na nan yadda ta ke. Illa ma ya ɓoye maka alamar da za ta gaya maka kaya sun yi yawa.

Tun da na ambaci taya, ita ma da lambarta a gefenta, bayan lambar girma. In ka ga 100, kilo 800 ta ke ɗauka. In 106 ce, 950. In 112 ce, 1,120. Wannan kuwa sai in iskarta ta cika yadda aka ce. Abin takaici, amalanke shi a kan ba tayoyin da mota ta gaji da su, ko na ƙaramar mota da aka tsinto a kasuwa. Ga shi kwasar albasa tana faɗowa ne cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, kwalta kamar ta narke. Tsohuwar taya, da lodin da ya fi ƙarfinta, da ƙarancin iska, da zafin Afrilu, ba sai na faɗi ƙarshen labarin ba. Maɗaurin ma a duba. Bamba ba wurin ɗaura amalanke ba ce. Maɗauri na gaskiya a jikin ƙashin mota a ke kafa shi da kusoshi, a kuma ƙara sarƙa biyu don ko ya kuɓuce.

Masu ɗaukar ruwa su lura: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Duro mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin duron. Tanki mai lita 1,000 tan guda ne cif. In kuma rabi ne ya fi cikakke haɗari, don ruwan ya kan yi gaba in ka taka birki, ya yi gefe in ka sha kwana.

A ganina laifin nan ba na direbobi kaɗai ba ne. Mu masu kaya muna da namu kason. Mun saba biyan kuɗin mota a kan buhu, saboda haka duk buhun da direba ya ƙara riba ce gare shi da ɗan kamasho, mu kuma muna tsaye muna cewa a ƙara ɗaya, ai da wuri. Buhun albasa kuwa ba kamar na taki ba ne da aka rubuta nauyinsa. Da wanda aka ɗinke baki, da wanda aka yi wa hula, duk buhu a ke ce musu. Da ƙungiyoyin manoman albasa za su auna buhu goma a sikeli farkon kaka, su san matsakaicin nauyinsa, su kuma yi ciniki da masu mota a kan sawu, da rabin rigimar ta ƙare. Masu walda su ma ina roƙonsu, duk amalanken da suka ƙera a kai shi babban sikelin da mota ke hawa, irin na kamfanonin shinkafa da siminti, a auna shi fanko, a rubuta nauyinsa da fenti a gefe, a rubuta ko yana da birki ko babu. Akawun da ke rubuta takardar lodi shi ma ya sami abin dubawa. Kuma wanda kayansa suka kai tan uku da gaske, ya haɗa kai da maƙwabcinsa su ɗauki babbar mota ko tarakta, abin da aka yi su dominsa ke nan.

Jiya na sake bi ta Ƙofar Taramniya. Amalanken na nan a kife, ƙafafu sama. Mai walda ya ce Alhaji ya aika a nemo masa ƙafa mai birki, irin wanda ke kama kansa in amalanke ya turo mota, ya kuma ce kafin ta samu, taki a bodi za a kai shi, sawu uku. Amma wai ya bar mini saƙo, kuɗin man sawu biyun da suka ƙaru a wuyana su ke.