Ruwan da Ake Sha a Sabha: Daga Ina Yake Fitowa?

Ruwan da ke zuba daga famfo a unguwar Abdulkafi da sauran unguwannin Sabha ba na daminar bana ba ne, ba kuma na bara ba. Sabha ba ta da damina. Abin da sama ke zubar mata a shekara, in an ɗauki matsakaici, bai kai milimita 20 ba, alhali Kano kan samu fiye da 700. A duk faɗin Libiya babu kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina. Ruwan sha da na girki da na shayar da dabino a Fazzan, yankin Libiya da Sabha take, duk daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi.

Da yawa na zaton wani kogi ne ko tafki ke ɓoye can ƙasa. Ba haka abin yake ba. Dutse ne jiƙaƙƙe. Cikin miliyoyin shekaru ruwa da iska sun yi ta jibge yashi hawa bisa hawa, na sama ya danne na ƙasa har ya dunƙule ya zama dutsen yashi. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai ƴan kafofi da ido bai cika gani ba. In aka cika ƙwarya da tsakuwa fal, za ta ƙara karɓar ruwa, domin ruwan na shiga tsakankanin tsakuwar ne. Haka dutsen yashi yake riƙe ruwa, shimfiɗar laka mai tauri kuma ta tare shi kada ya tsere. Masana ƙasa na kiran babbar ƙwaryar da ke ƙarƙashin Fazzan kwarin Murzuk.

To yaushe ruwan ya shiga? Awon da aka yi masa ya nuna mafi yawansa ya haura shekara 10,000 a kwance. Hamadar Sahara ba kullum take hamada ba. Karkatar duniya da hanyar da take bi wajen kewaya rana suna sauyawa sannu a hankali, cikin dubban shekaru. A wasu zamunna zafin bazara kan ƙaru a arewacin Afirka, sai ya jawo iskar nan mai ɗauke da hadari daga tekun Atlantika, wadda ke kawo damina ƙasar Hausa a yau, ta zarce arewa ƙwarai. Karo na ƙarshe da haka ta faru ya kama daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, kafin shi ma an yi wasu. A lokacin Fazzan na da ciyawa da tafkuna da fadamu. Shaidar tana nan a rubuce jikin dutse: a tsaunukan Akakus kusa da Gat akwai zanen raƙumin dawa da giwa da garken shanu, a kwarin Matkandush kuma har kada aka sassaƙa. Wanda ya zana kada ya ga ruwa mai yawa da idonsa.

Da damina ta ja da baya, mutane suka bi ruwan zuwa ƙasa. Garamantawa, masu hedikwata a Jarma yamma da Sabha, sun haƙa ɗaruruwan hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira faggara: jerin rijiyoyi da aka haɗa gindinsu da rami mai ɗan gangare, ruwa ya gangaro gona da kansa ba guga ba inji. Fiye da shekara dubu suna noman alkama da sha'ir da inabi a haka. Masana da dama na ganin raguwar ruwan ƙasa na cikin abin da ya karya su.

Tafkunan Ubari da ke Fazzan, irin su Gabar Aun da Ummul Ma, wurare ne da kwari tsakanin tudun rairayi ya yi zurfin da ya taɓo ruwan ƙasa. Rana na ɗauke ruwan ta bar gishirin, shi ya sa suke da zartsi. Ɗaya daga cikinsu, tafkin Mandara, ya riga ya ƙafe.

Yau injin burtsatse na jawo a yini abin da faggara ba ta bayarwa a kwanaki masu yawa. A 1984 aka fara aikin da ake kira babban kogin da ɗan Adam ya haƙa, mai bututun da faɗinsa ya kai mita 4, kuma tun 1996 rijiyoyin Dutsen Hasawna da ke arewa da Sabha ke shayar da Tarabulus. Abin da ake ɗiba ya fi abin da ke komawa nesa ba kusa ba. Ko ambaliyar da ta rushe gidaje a Sabha a Satumbar 2024 ba ta mayar da abin kirki ba, domin ruwan da ya zubo lokaci guda malala yake yi a sama, rana ta shanye mafi yawansa kafin ya nutse.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi suna sanar da jama'a, manoma su koma ban-ruwa na ɗigo, mai gida kuma ya gyara bututun da ke yoyo a ƙofarsa tun yau.