Farfaɗiya da Shanyewar Ɓarin Jiki: Alhakin Jinkiri a Wuyan Wa?

Daga cikin cututtukan da Allah Ya jarrabi bayinSa da su, babu waɗanda mutanenmu suka fi gaggawar jingina wa iska da sammu kamar masu taɓa ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, alhali kuwa su ne waɗanda jinkirin yini guda, kai, wani sa'in ma na sa'a guda, yakan raba tsakanin mutum ya miƙe da ƙafafunsa da ya ƙare sauran rayuwarsa ana juya shi bisa tabarma. Magidanci yana cikin alwala ko cin tuwo, sai a ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Nan da nan a yanke hukunci cewa iska ce ta buge shi, a aika kiran mai ruƙiyya, a turara hayaƙi, a ɗura masa rubutu a bakin da ba ya iya haɗiya, sai bayan kwanaki, idan abin ya gagari kowa, sannan a yi karo-karon kuɗin mota a nufi asibiti, inda likita zai duba ya ce an makara.

Abin da likitoci suka tabbatar game da shanyewar ɓarin jiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwaƙwalwa tana rayuwa ne da jinin da jijiyoyi ke kai mata babu yankewa, kuma ciwon yakan zo ta ɗayan hanya biyu: ko dai gudan jini ya toshe jijiya, sashen da take shayarwa ya fara mutuwa, ko kuwa jijiyar ta fashe, jini ya malala a cikin kai. A zahiri alamun biyun sun yi kama, amma maganinsu kishiyar juna ne, domin allurar da ke narkar da gudan jini, wadda galibi ba a yin ta sai cikin sa'a huɗu da rabi da farawar ciwon, idan aka yi ta ga wanda jijiyarsa ta fashe, to, an ƙara masa illa ne bisa illa. Ba kuwa abin da ke rarrabe su sai hoton cikin kai, irin wanda na'urar siti-sikan ke ɗauka, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro a Ingila, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971. Ko da allurar ba ta samu ba, kwanciya a hannun ma'aikatan da suka san aikin tana tsirar da rai, domin za su jarraba haɗiyarsa kafin a ba shi ko da ruwa, kada ya zarce huhu ya zama ciwo na biyu, su lura da hawan jininsa, su riƙa juya shi don gudun gyambon kwanciya, su soma masa gashin ƙashi tun gaɓoɓi ba su sandare ba.

Sha'anin farfaɗiya ya fi ban tausayi, don kuwa ciwo ne da yake karɓar magani, amma ma'abucinsa yana shan azabar mutane fiye da azabar ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu faɗuwa da za a gane ciwon daidai a ɗora su kan magani. Maganin ma ba baƙo ba ne: fenobabital, wanda yana cikin mafi araha, tun 1912 ake amfani da shi, kuma tun 1924 Bajamushen likita Hans Berger ya fara auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, awon da yau ake dogara da shi wajen tantance nau'in farfaɗiya. Sabubbanta kuwa, da yawansu a ƙofar gidanmu suke: doguwar naƙuda wadda jariri ya jigata a cikinta, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur, har da gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ta bar wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Duk da haka, yaro zai faɗi a makaranta yana jijjiga, a watse a bar shi, wai kada yawunsa ya taɓa wani ya ɗauka, alhali ba ciwon da ake ɗauka ba ne ta yawu ko ta numfashi. Wani mai ƙarfin hali zai cusa masa cokali a baki, ya karya masa haƙori; wata tsohuwa za ta kara ƙafarsa a wuta don ya farfaɗo, ya tashi da ƙuna. Abin da ake bukata bai wuce a kawar da abin da zai ji masa rauni ba, a sa masa abu mai taushi ƙarƙashin kai, a juya shi bisa gefensa, idan jijjigar ta haura minti biyar a garzaya asibiti. Yara nawa aka cire daga makaranta, mata nawa aka saki, saboda ciwon da ƙwayar magani ta safe da yamma za ta iya danne shi?

Masu ganin cewa zuwa asibiti da irin wannan ciwo raunin tawakkali ne, ya kamata su waiwayi magabata. Ibn Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, inda ya yi magana a kan farfaɗiya, bai mayar da ita duka ga aljanu ba; ya raba ta kashi biyu, ya tabbatar da cewa akwai wadda asalinta daga jiki ne, wadda kuma ita ce fagen likitoci. Ibn Sina ya yi bayanin farfaɗiya da shanyewar jiki a cikin Alƙanun, Az-Zahrawi na Andalus ya siffanta taruwar ruwa a kan jarirai da yadda ake yi mata aiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, duk da nauyin mulki da jihadi, ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, wato ilmin magani. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan babu mai tsayawa da shi a gari, laifin ya hau kan kowa. Ba ina musun ruƙiyya ta shari'a ba ne, kuma addu'a ba ta taɓa hana allura aiki ba. Ana iya tofa wa majiyyaci ayoyi a cikin mota ana kan hanyar asibiti. Abin da nake inkari shi ne mutum ya ɗora wa kansa rarrabe tsakanin shafar aljani da fashewar jijiya da ido kawai, ya riƙe bawan Allah a ɗakinsa kwana bakwai yana karɓar sadaka, alhali jini na zuba a cikin kansa. Wannan cin amana ne, ko da an yi shi da carbi a hannu.

To, amma zalunci ne a tsaya nan a ce jahilcin talaka shi ne dukan matsalar, domin wanda aka ce masa ya tafi asibiti yana da haƙƙin ya tambaya: wane asibitin? Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta nuna cewa a ƙasashe matalauta ma'aikatan fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su wuce ɗaya ga mutum miliyan guda ba, alhali a ƙasashe mawadata sun haura 70. A Nijeriya, tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya Sakkwato ta sami tata cibiyar a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, inda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi hidima mai yawa. Amma har yau ƙwararrun nan a manyan birane suke, ga kuma Saudiyya da Ingila suna kwasar waɗanda muka horar. Mutumin ƙauye, kafin ya sayar da akuya, ya sami mota, ya ratsa hanyar da wataƙila ba a bin ta da dare saboda 'yan bindiga, ya isa birni a ce masa na'urar hoto ta lalace ko babu wuta, ya koma ta 'yan kasuwa inda kuɗin hoto ɗaya ya fi abin da yake samu a wata, ai sa'a huɗu da rabi ta daɗe da wucewa. Mai ruƙiyya kuwa yana bayan gidansa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma ba ya yi masa tsawa. Kada kuma mu manta cewa rashin yarda yana da tushe: a annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya shafi yara 200 a Kano, al'amarin da ya kai ga shari'a da biyan diyya, kuma tabonsa bai gama gogewa daga zukata ba.

Shugabanninmu suna son sayen manyan na'urori, domin suna da kyau a hoton ranar buɗewa, amma ba su son biyan injiniyan da zai kula da su, ko man janareto, ko albashin da zai zaunar da likita. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayya bai taɓa cika wannan alkawari ba. Alhali abin da zai fi rage nakasa ba shi ne mafi tsada ba. Hawan jini shi ne babban sababin shanyewar ɓarin jiki, kuma awonsa aikin minti biyu ne a kowane ƙaramin asibiti. Maganin farfaɗiya kuwa babban haɗarinsa yankewa, domin wanda ya saba da shi ya rasa kwatsam, jijjigar kan dawo da ƙarfin da ya fi na da, saboda haka wajibi ne ya kasance kullum akwai shi a asibitin ƙaramar hukuma, tare da ma'aikacin da aka koya wa gane ciwon da bibiyar majiyyaci.

Hujjar cewa wannan mai yiwuwa ne a Kano take. Yara masu sikila, idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara ashirin. Likitocin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki wata ƙaramar na'ura mai auna gudun jini a jijiyoyin kai, suka riƙa tace yaran da ke cikin haɗari, suna ɗora su kan ƙwayar haidroksiyuriya kullum, maimakon ƙarin jini wata-wata wanda ba kowa ke iya jurewa ba, aka kuma ga haɗarin ya ragu ƙwarai. Ba gini aka yi mai hawa goma ba. Ilmi ne, da horo, da magani wanda bai yanke ba.

Saboda haka ina roƙon limamanmu na Juma'a su keɓe huɗuba guda a kan wannan mas'ala, su gaya wa jama'a ƙarara cewa wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, kuma mai farfaɗiya ba abin gudu ba ne. Ku kuma 'yan majalisun jihohi, kafin ku sa hannu a kasafin baɗi, ku je babban asibitin jiharku da kanku, ku tambaya ko na'urar hoton kai tana aiki, da kuma nawa ake karɓa a hannun talaka kafin a kwantar da shi a cikinta.