Gadon Da Ya Ƙi Shiga Lungu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, ni kuwa da idona na gani, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar kayan ɗaki zan yi, kuma na san tun kafin in kai ƙarshe wasu daga cikin iyayenmu mata za su ce wannan baƙauye ne, bai san darajar 'ya mace ba. Na ji, na ɗauka. Amma don Allah a bari in faɗi abin da ya same ni tukuna, sannan a yanke mini hukunci.

Ni mutumin Saulawa ne, ta ƙasar Ikara a arewacin Jihar Kaduna. A can aka haife ni, a can na yi aure. Duk wanda ya san yankinmu, daga Ikara zuwa Maƙarfi har Kudan, ya san ƙasar noma ce, masara da dawa da tumatir da rake, kuma fili bai taɓa yi mana wuya ba. In mutum zai tashi daga gida, mota ce za ta zo ta juyo da baya har bakin zaure, a loda, a kama hanya. To a kakar 2023 neman abinci ya mayar da ni Kano, wani ɗan'uwa ya samo mini hayar ciki da falo a wata unguwa da ke gindin Dutsen Dala. Sau ɗaya na je ganin gidan, a ƙafa, ba na ɗauke da komai sai jaridar da ke hannuna. Na duba ɗaki, na duba banɗaki, na tambayi ruwa da wuta, na biya kuɗin shekara. Abu guda ne ban kula da shi ba, wato hanyar da na bi na shigo.

Ranar tashi muka ɗauki shatar akori-kura. Watanni kaɗan ke nan da cire tallafin fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023, saboda haka kuɗin da direba ya yanka mini sai da na nemi wuri na zauna. Muka fita bayan sallar asuba, muka hau titin Zariya zuwa Kano, muka wuce Kwanar Ɗangora da Kura, hantsi bai gama dubawa ba muna cikin birni. Da muka iso inda kwalta ta ƙare, direba ya kashe mota ya ce, "Malam, iyakacina ke nan." Na ce ai da sauran tafiya. Ya nuna mini bakin lungun da haɓa ya ce, "Kai ma duba mana, ko adaidaita-sahu ba za ta shiga nan ba."

Wanda bai san unguwannin Dala ba zai ce ƙari nake yi. Dutsen nan, wanda tsayinsa daga saman teku ya kai mita 534, shi ne cibiyar Kano tun zamanin su Barbushe, kuma mutane na zaune a gindinsa fiye da shekara dubu. Gida ya haifi gida, an raba gado an yanka tsakar gida, an ƙara ɗaki an ɗora bene, har gine-gine suka matso suka rungume dutsen. Lungu ba ya miƙewa: ya yi hagu, ya yi dama, ya hau, ya ƙara hawa, ga kwata a tsakiya, ga dakali a gefe, ga matakalar wani ta fito ta ci rabin hanya. Wanda ke tafe da sauri a nan, to baƙo ne.

Ƙananan kaya ba su ba mu wahala ba. Kafin ka ce kwabo 'yan dako sun zo da baro, yaran unguwa sun taru, wannan ya ɗauki tukunya, wancan ya rungumi tabarma. Buhunan masarata suka shiga a ka, katifa aka naɗe ta aka wuce da ita, akwatin ƙarfe na littattafaina mutum biyu suka kama. Cikin sa'a guda duk abin da muke rayuwa da shi kullum ya isa gida. Abin da ya rage a mota shi ne abin da ake kira kayan ɗaki: gado mai katafaren allo, wadirof mai ƙofa huɗu, madubi da durowarsa, da saitin kujeru masu kama da na fada.

Kujera mai cin mutum uku ce ta fara maƙalewa a kwana ta biyu. Aka miƙe ta tsaye, aka kwantar, aka karkata, ta ƙi. Masu zuwa masallaci suka tsaya ta sama, masu tallar abinci suka tsaya ta ƙasa, lungu ya cunkushe. Daga ƙarshe wani maƙwabci, mutumin da bai taɓa ganina ba, ya sa iyalinsa suka shige ɗaki, aka ɗaure kujerar da igiya aka tsallakar da ita ta kan katangarsa. Allah Ya saka masa da alheri. Shi kuwa wadirof, sai da aka kira kafinta ya warware shi a bakin titi. Yana kwancewa yana girgiza kai, don katakon ba katako ba ne, garin katako ne da aka matse aka lulluɓe da takarda mai sheƙi; duk ramin da aka zare ƙusa sai gari ya biyo, kuma ba ya sake kama ƙusa. Allon gado ya goge bango ya ɗaye. Madubi ya tsage daga sama har ƙasa a wata 'yar gangara da ƙafar ɗan dako ta zame.

Da na shiga gida na tarar da maiɗakina zaune a kan buhun masara tana hawaye. Na ce ta yi haƙuri, madubi ne, za a sayi wani. Ta ce, "Malam, ba madubin nake wa kuka ba. Ka manta Baba fadamarsa ta rake ya jinginar kafin a yi mini kayan nan?" Wallahi ban manta ba, amma ban taɓa tsayawa na auna maganar ba sai ranar. Fadamar da take ciyar da gida guda, ga ta nan a bakin titin Dala, an tara ta gunduwa-gunduwa yara na tsallakewa.

Akwai wani dattijo da ya wuni a kan dakalinsa yana kallonmu da carbi a hannu. Da la'asar na je na gaishe shi, na ba shi haƙurin tare hanya da muka yi. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ba kai ne farau ba. Waɗanda suka yanka lungun nan da abu biyu suka auna shi, jaki da mangalarsa, sai kuma makara. Duk abin da ya fi makara faɗi, ba kayan matafiyi ba ne." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Maganar nan ita ta hana ni barci a daren.

Ga ra'ayina, mai karatu, ba tare da kewaye-kewaye ba: kayan ɗakin da muke yi wa 'ya'yanmu a yau ba don gidajen da za su zauna muke yin su ba, don idon 'yan ganin ɗaki muke yi. Yini ɗaya ake kallo, shekara da shekaru ake biya. Yawancin samarin da ke aure a birane gidan haya suke kai amarya, shi kuwa ɗan haya ba shi da tabbas. Shekara ta zagayo a ƙara kuɗi, ko mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, ko a canza wa mutum wurin aiki. Kowane tashi kuwa sai ya ci wani abu daga jikin kayan. A tashi na uku, abin da uba ya sayar da shanu ya saya ba ya da maraba da itacen girki, kai, itacen ma ya fi shi, don shi yana ci da kyau.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba magana ce ta banza ba. Za a ce kayan ɗaki dukiyar mace ce, su ne nata na kanta da miji ba ya da iko a kai, in zama ya ƙi da su za ta fita. Za a ce su ne mutuncinta a gaban kishiya da dangin miji, kuma uwar da ta kai 'yarta da gado da katifa kawai ta san irin gorin da zai biyo baya. Duk gaskiya ne. Amma mu tambayi kakanninmu mata yadda nasu jeren yake. Tasa ce da kwalla da langa da fanteka, a jera su har kusa da rufi, sai gadon ƙarfe mai rumfa. Kayan nan ado ne, kuma asusu ne. In ciwo ya zo, ko biki ya taso, sai mace ta zare kwalla biyu ta ba dillaliya, ta biya buƙatarta ba wanda ya ji. In 'yarta ta isa aure ta ɗebi wasu ta ƙara mata. In tashi ya kama, a zuba ƙanana cikin manya, a kwance gado ya zama sanduna, jaki biyu sun gama aiki. To don Allah wace ce a yau za ta zare ƙofar wadirof ɗaya ta kai kasuwa? Mun riƙe sunan al'adar, mun yar da hikimar da ke cikinta. Idan har dukiyar mace muke karewa, to a ba ta dukiyar da ba ta narkewa in ruwa ya taɓa ta.

Addini ma bai ɗora mana wannan kaya ba. Samar da wurin zama a kan miji yake. Malamanmu na Malikiyya kuwa abin da suka ce shi ne, amarya ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa, ba a tilasta mata abin da ya wuce haka. Mu kuwa sai a karɓi sadaki ɗan kaɗan don neman albarka, sannan a kwashi ninkinsa goma ko ashirin daga wuyan uban yarinya. Abin ya kai har gwamnati ce ke saya wa mutane gado kafin aure ya yiwu. Auren gata da Hukumar Hisba ta Kano ta fara a 2012, da wanda aka yi a watan Oktoba na 2023 inda aka aurar da mata 1,800, duk sai da aka haɗa da gado da katifa. Wannan ai shaida ce cewa akwai dubban 'yan mata da zawarawa da ba miji suka rasa ba, kayan ɗaki suka rasa.

Kada iyaye mata su ga kamar su kaɗai nake nuna wa yatsa. Mu maza muna da namu kason, kuma babba. Ango ya san sarai ɗakin da ya kama taku nawa ne, amma zai yi gum, a kawo kaya a cusa har ƙofa ta ƙi rufuwa, yana jin daɗi a ransa wai ya auri 'yar gata. Ni ma haka na yi, ba zan ɓoye ba. 'Yan'uwansa mata kuwa su ne za su shigo suna buɗe durowa suna ƙirga kwanuka. Sannan ga masu gini, waɗanda kowa in ya tashi gyara sai ya ci taku ɗaya daga lungu. Yau kujerata ce ta maƙale, abin dariya. Gobe in gobara ce, ko mai naƙuda ce cikin dare, ba wanda zai yi dariya.

Marubutanmu ma, 'yan'uwana, ku yi haƙuri, sai na taɓa ku. Littafi nawa muka karanta inda aka ɓata shafi uku wajen siffanta ɗakin amarya, gado daga Italiya, labule daga Dubai, falo uku kowanne da launin kujerunsa? Yarinyar da ke karanta wannan a Saulawa ko a Kudan, da shi take auna ƙaunar da ubanta ke yi mata. Ban ce a daina rubuta masu kuɗi ba, suna nan a duniya. Amma ina marubucin da zai ba mu babi guda a kan ranar tashi daga gidan haya? Akwai soyayya a wurin, akwai kunya, akwai bashi, akwai maƙwabcin kirki. Ni dai ban taɓa jin tausayin matata ba kamar ranar da na gan ta a kan buhun masarar nan.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Kafin a je wurin kafinta, a tura mutum da igiyar awo ya auno ɗakin, ya auno ƙofa, ya auno lungu da kwanoninsa. A sayi kaɗan mai ƙarko, gadon ƙarfe ko na katakon gaske da ake ɗaurewa da noti, wanda za a kwance sau goma bai ce uffan ba. Abin da ya rage a saya wa yarinya abin da ke haihuwa ko ke riƙe daraja: tumaki, keken ɗinki, ɗan kunnen zinariya, ko a biya mata kuɗin karatu. Ango kuma ya buɗe baki tun da wuri ya gaya wa surukansa gaskiyar ɗakinsa, ya kuma tsawata wa danginsa a kan gori. Wannan shi ne mazantaka.

Yanzu haka wadirof ɗin yana tsaye a kan bulo biyu, ƙofa uku ke gare shi, ta huɗun muna jingine ta a bayan ƙyaure. Kujerar nan kuwa mun riga mun yi shawara, ranar da za mu bar gidan, a nan za mu bar ta, don ba zan sake sa matan mutane su shige ɗaki saboda ita ba. Kuɗin da na so in kashe wajen sabon madubi na haɗa da wasu na aika Saulawa, a rage bashin fadama. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba iyayen 'ya'ya mata ikon sauke nauyi ba tare da sun rasa gonakinsu ba. Wanda ya ga na yi kuskure, ƙofa a buɗe take, sai dai in zai zo, ya taho a ƙafa.