Jinin Dasashi Ba Abin Rainawa Ba Ne

In kullum kina ganin jini a jikin asuwaki, kada ki yi sakaci. Ƙwayoyin cutar da ke taruwa a gindin haƙora kan kumbura dasashi, har su kutsa cikin jini. Sai hanta ta ƙara fitar da sinadarin CRP, wanda likitoci ke aunawa don gane kumburi a jiki. Yawansa na da alaƙa da ciwon zuciya.

Idan likitan haƙori ya kankare dattin, CRP kan hau a kwanakin farko, sannan ya sauka cikin kimanin wata 6. Daure ki je a duba ki, musamman in kina da ciwon suga ko juna biyu. Allah ya ƙara mana lafiya.