Itatuwan unguwa da sankarar nono: abin da binciken Sifaniya ya gano

A shekarar 2018, cibiyar ISGlobal da ke Basalona ta fitar da sakamakon wani nazari kan mata sama da 3,600 a larduna goma na Sifaniya. An gano cewa sankarar nono ba ta cika kama matan da ke zaune kusa da lambunan shaƙatawa na cikin gari kamar sauran ba. Waɗanda gidajensu ke dab da gonaki kuwa, haɗarin ya fi yawa a kansu, kuma ana zargin maganin ƙwarin da ake fesawa.

Alaƙa ce nazarin ya nuna, bai ce itace na hana cutar ba. Ko da aka duba motsa jiki da gurɓatar iska, ba su ne suka kawo bambancin ba.

Duk da haka, zancen ya shafi Yamai. Shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da birnin a 1965, yawancinsa dogon yaro, gine-gine na ta cinye shi. In gardamar filayen nan ta taso, ƙura da hamada ake ambata. Da wuya a nemi jin ta bakin likitoci.