Saboda Fis Ɗaya Za A Yar Da Akwati?

Jama'a, wane irin almubazzaranci ne ya same mu? Da zarar kwamfuta ta ƙi tashi a Samaru, sai ka ji an ce wa ɗalibi, "Akwatin wuta ne ya mutu, sayi sabo." Ba mai kwancewa ya duba.

Aikin akwatin nan shi ne ya karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Wutar ƙasarmu kuwa, tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972, ba ta daina hawa da sauka ba. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce fis da transisto ba, ko kafasita da ta kumbura, ko fanka da ƙura ta toshe. Mai gyaran rediyo a Chikaji, da dalmarsa da mitarsa, yana iya canja su.

Masu cewa buɗe akwatin haɗari ne ba su yi ƙarya ba, domin manyan kafasitocinsa kan riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare fulogi. To, sai a kai wa gwani.

A 1988 mun yi kuka da aka jibge mana gubar Italiya a Koko. Yau mu ne ke tara wa kanmu juji mai dalma, muna tura kuɗinmu ƙetare. Ya ku ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, ku nemi a gwada kafin ku saya. Da tsohuwar zuma ake magani.